Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu Daga Birnin Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, wakilin masarauta, shehunan malamai, iyayenmu magina da ɗalibai, a madadin malaman wannan sashe nake yi wa babban baƙonmu, Farfesa, wanda ya taso takanas daga birnin Alƙahira, lale marhabin. Ranka ya daɗe, barka da sauka, da fatan ka huce gajiyar hanya. Mun gayyato ka ne ka buɗe mana nunin hotunan tsofaffin gine-ginen Musulunci da Creswell ya ɗauka, kuma kafin ka karɓi magana ya kyautu mahalarta su san mai hotunan.

An haifi Keppel Archibald Cameron Creswell a Landan a shekarar 1879, kuma bai yi karatun digiri a jami'a ba. Aikin lantarki da zanen injiniya ya koya, ya yi aiki a kamfanin Siemens, daga nan ya koma banki, yana karatun gine-ginen ƙasashen Musulmi bayan ya tashi daga aiki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai shi Masar a 1916 cikin rundunar jiragen saman Birtaniya, a 1919 kuma aka naɗa shi mai duba kayan tarihi a Sham da Falasɗinu. Da Sarki Fu'ad na Ɗaya ya ɗauki nauyin bincikensa, sai ya tare a Alƙahira a 1920, bai koma gida da zama ba sai bayan shekara hamsin da 'yan kai.

Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne bai yarda da ji-ta-ji-ta a kan shekarun gini ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ya auna tsawo da faɗi da kaurin bango, ya zana fasalin ginin, ya ɗauki hoto, sa'an nan ya gwama abin da ya gani da rubutun da ke jikin bangon da kuma abin da malaman tarihi na Larabawa suka rubuta. Duk wanda ya ga wannan ƙaƙale ne, to, ya dubi Ƙubbatus Sakhra da ke Ƙudus. Rubutun cikinta yana ɗauke da sunan Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, amma wanda ya sauya sunan ya bar shekarar yadda take, wato 72 ta Hijira, ita ce kuwa ta tona cewa ginin Abdulmalik ɗan Marwan ne. Haka masallacin Ibn Ɗulun na Alƙahira da aka kammala a 879 ta Miladiyya, wanda za ku gani a hotunan nan: ginshiƙansa na jan bulo da hasumiyarsa mai matakala ta waje suna nuna hannun Samarra ta Iraƙi, inda mai ginin ya tashi.

Wannan wahala ce ta haifi manyan kundayensa a kan gine-ginen farkon Musulunci a 1932 da 1940, da na Masar a 1952 da 1959. Ya zama farfesa a 1934 a jami'ar da yau ake kira Jami'ar Alƙahira. Da rikicin Suwes ya ɓarke a 1956 aka matsa wa Turawan Ingila su bar ƙasar, ya ƙi tafiya don kada ya rabu da littattafansa, har Jami'ar Amurka da ke Alƙahira ta karɓe su, shi ma ta ba shi mazauni. Ya rasu a Landan a 1974.

Ba za mu ɓoye ba, ranka ya daɗe, akwai inda muke ja da shi. Ya fi damuwa da dutse da kwanan wata a kan mutanen da suka yi salla a cikin ginin, kuma ra'ayinsa cewa Larabawa ba su da wani ginin a zo a gani kafin Musulunci, masu tonon tarihi na baya sun yi masa gyara a kai. Sai dai har masu sukarsa da zanensa suke kafa hujja, domin wasu gine-ginen da ya auna sun sauya kama, wasu ma yaƙi ya taɓa su.

A nan ne bukatarmu take. Ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina da masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, duk da tubali da ƙasa aka tayar da su, kuma ginin ƙasa in aka yi sakaci da yaɓe, damuna kaɗan ta ishe shi. Ba su da kwanan wata sassaƙe a dutse, kowane yaɓe kuma yana rufe na bayansa. Shi ya sa muka zaunar da magina a sahun gaba, waɗanda suka san azara da makuba da ɗaurin guga, domin mu ji daga bakinka yadda hanyar Creswell za ta yi aiki a kan irin wannan gini.

Ranka ya daɗe, ga abin magana, bismillah.