Darasi: sinadarai masu falle-falle da yadda suke kama haske

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zamu taɓa wasu semikondakta ne, wato sinadaran da ke tsakanin masu ɗaukar wuta da marasa ɗauka, da ƙwayoyin zarrarsu ke shimfiɗe falle kan falle kamar takardun littafi. A cikin falle ɗaya riƙon yana da ƙarfi sosai, amma tsakanin falle da falle sako-sako ne, shi yasa ake iya ɓare su ɗaya bayan ɗaya.

A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov a jami'ar Mancesta ta Ingila suka ɓaro girafin, wato falle ɗaya na ƙwayoyin zarrar kabon, daga garafayit, wannan baƙin da ke cikin fensir, da salatif kawai fa, har suka ci kyautar Nobel a 2010. To amma girafin bashi da abin da ake kira giɓin kuzari, wato tsallen da ilektron sai ya yi kafin ya fara ɗaukar wuta, in babu giɓin nan ba ka iya kashe na'urar yadda ya kamata.

Nan MoS2 ya shigo, molibdinam da salfa. Ku saurara da kyau, wannan wajen ne ya fi burge ni. In yana da kauri giɓinsa wajen 1.2 eV ne (eV ma'aunin kuzarin ilektron ne) kuma ba kai tsaye yake ba, ilektron sai ya samu taimakon girgizar ƙwayoyin zarra kafin ya tsallaka, amma da ka fere shi ya koma falle ɗaya, kaurin da bai kai nanomita 1 ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, sai giɓin ya koma wajen 1.8 eV kuma kai tsaye, haske na bugunsa ilektron ya haye. Sinadarin bai canza ba, kauri kawai aka rage! A 2010 aka nuna wannan.

Sannan ana iya ɗora falle na wannan kan na wancan, misali MoS2 da WSe2, wato tungsten da seleniyam, haske ya faɗo ilektron ya tafi gefe ɗaya gurbin da ya bari ya tafi ɗaya gefen, wutar kenan.

Yanzu wani zai ce to silikon, wanda ake yin farantin sola da shi, ya gama yayi? A'a, ni ban yarda ba. Falle ɗaya ɗan kaɗan yake sha daga hasken, sauran ya wuce, kuma haɗa shi da faɗi kamar faranti na sola ba tare da tabo ba har yanzu aiki ne ja. Inda nake ganin waɗannan masu falle-falle zasu riga shiga shine na'urorin gane haske, kamar na kyamara da na wayar gilashi ta intanet, don can siranta da lanƙwasuwa sun fi amfani. Baƙin fosfaras ma, wani mai falle-falle, giɓinsa daga wajen 0.3 eV yake farawa, yana kama hasken infirared da ido baya gani, sai dai iska da danshi suna cinye shi, dole a lulluɓe shi da wani fallen kafin a fito dashi daga ɗakin gwaji.