Amsoshin Tambayoyinku: Kaset ɗin Baba da Ɗakin Ajiyar Kiɗa

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Makon jiya mun taɓo zancen ɗakunan ajiyar kiɗa da waƙa na jami'o'i, sai ga takardu sun taru a gabana. Malaminmu da ya daɗe yana aikin adana muryoyi ya dawo. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana tambaya, me ake bajewa a irin wannan ɗaki, littattafai ne kawai?

Malam: A'a. Akwai faifai, kaset, hotunan makaɗa, da kayan kiɗan kansu, kowane da ƴar takardar bayani: kalangu na mahauta, garaya ta mafarauta da ƴan bori, kakaki da tambari na fada. In ya je Yamai ya leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, wadda aka buɗe a 1989, zai ga kayan kiɗan ƙabilun Nijar wuri guda.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Tasawa ta ce, in an ce an samu sababbin kaya, waƙoƙin yaran zamani ake nufi?

Malam: Har da su. Amma sau da yawa abin da ya shigo yau ya girmi mai karɓarsa. Kin ga biram, Hajiya? Kayan kiɗan Buduma ne, masunta na Tafkin Chadi, tsirkiya biyar, siffarsa kamar kwalekwale. Ya kusa ɓacewa. Marigayi Malam Maman Barka, wanda da gurmi aka san shi, shi ya bi sawu har bakin tafki wajen Boukar Tar, dattijon da ya rage yana kaɗa shi, ya zauna ya koya. Barka ya rasu a 2018, amma sautin yana nan don an ɗauka. Kuma Buduma ɗin nan, in kika ga shanunsu masu manyan ƙahoni...

Mai gabatarwa: Malam, shanun sai wani makon! Ƴar'uwa, amsarki: har da na zamani, har da tsofaffi.

Yanzu ga wadda ta fi yawa. Daga unguwar Zariya, daga Tibiri, daga Madarunfa, duk magana ɗaya. Zan karanto ta wani bawan Allah: "Baba ya rasu ya bar kwali cike da kaset, akwai kiɗan fada, akwai na noma, akwai na bikin aurensa da inna. Yara suna zare zaren suna wasa. Yaya zan yi?" Allah ya jiƙan Baba. Amma kai ma, ɗan'uwa, kana kallo yara na zare muryar gidanku? Haba. Yau ɗin nan ka ɗage kwalin.

Malam: Allah ya yi masa rahama. Zaren kaset roba ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, sautin yana kwance ne a jikin garin nan. Zafi na lalata shi, laima na sa masa fumfuna, ƙura na kankare shi, maganaɗisu kuma na iya share shi. To ka duba garinmu: zafin watan Afrilu, damina, ga hunturu da ƙurarsa. Kada a bar kwalin a ƙasa, kada a ɗora shi saman kabad ƙarƙashin kwano, kada a ajiye shi kusa da lasifika. A jera su a tsaye cikin gidajensu, a ɗaki mafi sanyi.

Mai gabatarwa: A tsaye, ba a kwance ba, nesa da lasifika.

Malam: Haka ne. Sannan a saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba. A ɓalle su, don kada wani ya danna ya ɗauki wani abu a kai. Kuma kada a yi gaggawar sa shi cikin tsohuwar rikoda da ta shekara goma ba ta juya ba, za ta tauna zaren. A fara gwada ta da kaset marar muhimmanci. Wanda ya yi fumfuna kuwa, a ware shi, kada a kunna.

Mai gabatarwa: To juyawa zuwa kwamfuta fa? Nan ne mutane ke tambaya.

Malam: A haɗa rikoda da kwamfuta ta waya, ba a kara salula a bakin lasifika ba. A ajiye sautin a tsarin fayil da ake kira WAV, shi ba ya rage komai. MP3 matse sauti yake yi, na rabawa ne. A ajiye wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida dabam. Kuma kada a jefar da kaset ɗin bayan an juya. Abin da ke damunmu, rikodoji masu kyau suna ƙarewa, masu gyaransu ma haka.

Mai gabatarwa: Ni dai ga abin da ya fi tsaya mini. Ɗan'uwa mai kwalin kaset, in dai inna tana raye, ga shawara. Ka zaunar da ita ta saurara, ka riƙe biro. Wane makaɗi ne wannan? A wane gari? Wace shekara, ko zamanin wane sarki? Wa ake wa kirari? Ita kaɗai za ta gane muryar mai guɗa. Na maimaita: suna, gari, lokaci, da dalilin kiɗan.

Malam: Wannan shi ne rabin aikinmu. Kaset marar bayani wahala yake ba mai bincike. In an gama, mai son kai kwafi ya tuntuɓi IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta Jami'ar Abdou Moumouni, ko cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968 tana tattara tarihin baka. A yi takarda a rubuce: aro ne ko kyauta, wa ke da izinin saurare. Abin da ya shafi sirrin gida, iyali su yanke shawara tukuna.

Mai gabatarwa: Lokaci na kora mu. Wani malamin makaranta daga Dakoro: wace rana ta dace ya shirya wa ɗalibai baje koli?

Malam: 27 ga Oktoba, ranar da UNESCO ta ware don kayan tarihi na sauti da hoto. Ko 21 ga Yuni, ranar kiɗa. Ya gayyato makaɗin garin ya kaɗa, yara su yi masa tambayoyi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wani saurayi daga Sabon Gari ya ce duk waƙoƙin nan suna cikin salularsa, me zai kai shi ɗakin karatu? Yaro, Allah ya bar maka salularka, amma ranar da ta faɗa ruwa fa? Kuma bikin auren Baba ba ya cikinta. Masu tambaya a kan haƙƙin mawaƙa, takardunku na hannuna, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode.

Malam: Ni ke da godiya, Hajiya. A gaida masu saurare.