Abin da na gani a gidan al'adun Indiyawa na West Kensington

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan uwa da muka taru a wannan zaure duk da sanyin da ake yi a waje, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da aka ba ni dama in yi bayani a kan wani wuri da na ziyarta a nan Landan, wanda tun ranar da na fito daga cikinsa hankalina bai bar kansa ba.

Wurin shi ne cibiyar Bharatiya Vidya Bhavan, wadda ake taƙaita sunanta a ce Bhavan, a titin Castletown da ke unguwar West Kensington. Wata abokiyar aikin maiɗakina, Ba'indiya, ita ce ta gayyace mu mu ga 'yarta a ajin rawa wata ranar Asabar. Na tafi da tunanin cewa na san Indiya, domin kamar yawancinmu na tashi da kallon finafinan Indiya tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna, har akwai waƙoƙin da nake iya rerawa ban san ma'anar kalma ɗaya a cikinsu ba. Da na shiga sai na gane cewa abin da muke gani a fim ɗan tsakure ne daga wani ilimi mai zurfi, mai ƙa'idoji da malamai da silsilar ɗalibai, wanda ake shafe shekaru ana koyonsa.

Asalin cibiyar a birnin Bombay yake, wanda yanzu ake kira Mumbai. Wani lauya kuma marubuci ɗan Gujarat mai suna K. M. Munshi ne ya kafa ta a shekarar 1938, lokacin Turawan Ingila suna mulkin ƙasar, kuma shi wannan mutum yana cikin waɗanda daga baya suka tsara kundin tsarin mulkin Indiya. Reshen Landan an buɗe shi a 1972 a wani ɗan ƙaramin ofishi a tsakiyar gari. A wannan shekarar ce Idi Amin ya kori Indiyawa daga Yuganda, dubbansu suka sauka a Ingila, da yawansu ba su da komai sai akwatin tufafi. A 1978 cibiyar ta koma ginin da take ciki yanzu, wanda tsohuwar majami'a ce aka gyara, aka fitar da azuzuwa da babban zauren wasa. Ina so mu riƙe wannan lissafi a zuciya: shekara shida suka yi suna lallaɓawa a ƙaramin wuri kafin su sami gidan kansu, kuma yau sun haura shekara hamsin ba su rufe ƙofa ba.

Abin da ya fara ɗaukar idona takalma ne. An jera su a bakin aji, ƙanana da manya, kamar ƙofar makarantar allo da hantsi. A ciki yara ne da aka haifa a nan, waɗanda Turanci ya fi kama bakinsu kamar namu, amma suna zaune a ƙasa sun harɗe ƙafa gaban malamin kiɗan tabla. Tabla ganguna biyu ne, ƙarami na itace a hannun dama, babba na ƙarfe a hannun hagu, kowanne da baƙin tabo a kan fatarsa wanda ake haɗawa da garin ƙarfe da ƙullun hatsi, kuma shi ke ba gangar amonta mai kama da ƙararrawa. Kafin yaro ya taɓa fatar sai ya faɗi kiɗan da bakinsa. Malamin zai ce dha, dhin, dhin, dha, yara su amsa, suna tafi suna ƙirga bugu goma sha shida na zagayen da suke kira tintal, sai an tabbata harshe ya riƙe sannan a bar hannu ya bi. Ina tsaye a wurin na tuna mai kalangun unguwarmu, wanda idan ya matse tsarkiya a hammata kowa ya san taken wa yake kaɗawa. Mu ma gangarmu tana magana. Bambancin da na gani shi ne su sun tsara nasu darasi bayan darasi, har yaron da bai taɓa taka Indiya ba yana iya koyo a West Kensington, mu kuwa namu yana nan a hannun gidajen da suka gada, idan tsohon ya rasu ɗansa kuma ya kama wata sana'a, shi ke nan an binne su tare.

A wani ajin 'yan mata ne ke koyon rawar Kathak ta arewacin Indiya. Sunan ya samo asali daga kalmarsu ta labari, domin masu ba da labari ne suka fara ta, daga baya ta bunƙasa a fadojin sarakuna, musamman a Lucknow zamanin Nawab Wajid Ali Shah, da kuma a Jaipur. Kowace yarinya ta naɗe idon sawunta da jerin ƙananan ƙararrawa, ƙwararru sukan ɗaura ɗari ko fiye a kowace ƙafa, kuma aikin shi ne ƙafa ta maimaita daidai abin da ganga ta faɗa. Na ga malamar ta tsayar da aji kacokan saboda yarinya ɗaya ta riga bugu da ɗan ƙiris, aka sake daga farko har sau huɗu, babu wadda ta ɓata rai. Bayan wannan akwai azuzuwan kayan kiɗa masu tsarkiya da ake kira sitar da vina, da waƙar arewacin Indiya da ta kudanci, da na harsuna irin su Sanskrit da Hindi da Tamil.

Na san akwai tambaya a zukatan iyayenmu da malamanmu, kuma tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne wani ɓangare na waɗannan fasahohi yana ɗaure da addinin Hindu. Rawar Bharatanatyam a wuraren bautar jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya ta taso, kuma yawancin abin da take nunawa labaran abubuwan bautarsu ne. Wannan nasu ne, ba na kiran kowa zuwa gare shi. Amma ya kamata mu sani cewa Musulmi suna da babban kaso a tarihin kiɗan arewacin Indiya. Ustaz Alla Rakha da ɗansa Zakir Hussain, wanda ya rasu a 2024, su ne suka sanar da duniya tabla. Ustaz Bismillah Khan na birnin Banaras shi ne ya busa shehnai a Jan Ganuwa, tsohuwar fadar sarakuna ta Delhi, lokacin bikin samun 'yancin kai a 1947, kuma a 2001 ƙasarsa ta ba shi lambar girmamawa mafi girma da take da ita. Duk wanda ya ji shehnai zai ce algaita ce ta yi ƙaura, kuma haƙiƙa dangi ɗaya suke. Abin ya sosa mini rai, domin na tuna yadda mu muke kallon mai algaita idan ya gama busa a ƙofar fada.

Gwamnatin Indiya ma tana da tata cibiyar, wato Nehru Centre a unguwar Mayfair, wadda aka buɗe a 1992, inda ake laccoci da baje kolin zane da ƙaddamar da littattafai. Amma Bhavan ta fi ba ni sha'awa, saboda abin da ke riƙe da ita iyaye ne masu biyan kuɗin zango, masu tashi da sassafe ranar hutu su hau jirgin ƙasa da yara, su zauna a baranda da shayi a gora suna jira har a tashi. Uwar da ta gayyace mu ta ce mini shekara bakwai ke nan tana wannan zirga-zirga, kuma 'yar tata tana iya gaida kakarta ta wayar tarho da harshen gida ba tare da an yi mata tafinta ba. Da ta faɗi haka sai na yi shiru, domin a gidana ni ne tafinta tsakanin 'ya'yana da mahaifiyata.

Mu a wannan ƙungiya muna haɗuwa a sallah ƙarama da babba, da suna, da ta'aziyya, muna kuma tara kuɗi idan wani ya shiga matsala, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da ba mu da shi shi ne aji mai rana da lokaci, wanda ake buɗewa ko mutum biyar ne suka zo. A cikin zauren nan akwai wanda ya iya karatun ajami, akwai iyaye mata da suka haddace tatsuniyoyi da waƙoƙin daɓe da na niƙa, akwai wanda ya yi shekaru yana koyar da Hausa a makarantar sakandare kafin ya zo ƙasar nan, kuma ba na shakkar za a sami mai kalangu ko gurmi a ajiye a cikin gida.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon abu biyu. A zaɓi mutum huɗu ko biyar, maza da mata, har da ɗaya daga cikin malamanmu, su nemi izinin ziyartar cibiyar wata Asabar, su tambayi masu tafiyar da ita yadda suke ɗaukar malamai, da yadda suke tsara zango da kuɗin makaranta, su kawo mana rahoto a taro mai zuwa. Sannan a duba ko asusunmu zai iya ɗaukar hayar ɗaki ɗaya na awa biyu duk mako, na tsawon wata uku, a fara da ajin magana da karatun Hausa. Ni na ɗauki nauyin buɗe ƙofa da jera kujeru, kuma sunayen 'ya'yana uku su ne na farko a takardar da zan miƙa wa sakatare kafin mu tashi.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.