Yaya Ake Koya wa Matashi Tarihin Tsohuwar Masar a Gida?

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Sama da shekara 3,200 da suka wuce, a wani ƙauyen ma'aikata da ke yammacin Kogin Nilu, wani magatakarda ya samu ɓallin farin dutse ya rubuta sunayen mutum 40 a kai. Gaban kowane suna ya jera ranakun da mutumin bai zo aiki ba, da uzurin da ya kawo. Wannan kunama ce ta harbe shi. Wancan ciwon ido. Wani ya tsaya haɗa giya a gida, wani kuma yana hidimar gawar ɗan'uwansa. Dutsen yana nan har yau a gidan tarihi na British Museum da ke Landan, kuma za ku iya ganin hotonsa a wayarku ba tare da biyan ko sisi ba.

Na fara da wannan ne saboda iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida, ko suke son ƙara musu wani abu lokacin hutu. Idan kuna da ɗan shekara 13 zuwa 17, kuka ce za ku fara masa tarihin Masar da jerin sunayen sarakuna da dauloli talatin, kafin mako ya zagayo ya gaji. Amma ku ba shi labarin mutumin da kunama ta hana zuwa aiki, ku ga yadda zai gyara zama.

Kafin komai, ku nemo igiya mai tsawon mita 5 da 'yan kai. Kowace santimita ɗaya shekara 10 ce. Farkon igiyar shi ne wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Sarki Narmer ya haɗe kudu da arewacin Masar, ƙarshenta kuma yau. Yaron ya auna santimita 54 ya ɗaura ƙyalle: nan aka gina babbar dalar Giza ta Sarki Khufu. A santimita 177, Sarki Tutankhamun. A santimita 307, mutuwar Sarauniya Kiliyofatra. Sai ya ja da baya ya duba. Zai gani da idonsa cewa tazarar da ke tsakanin Kiliyofatra da mu ta fi wadda ke tsakaninta da ginin dalar Giza gajarta. A rataye igiyar a bango, duk sunan da ya ci karo da shi nan gaba ya nema masa gurbi.

Daga nan sai kogi. Misirawa sun raba shekararsu gida uku: Akhet lokacin ambaliya, Peret lokacin shuka, Shemu lokacin girbi. Wata 12 masu kwana talatin-talatin, da ƙarin kwana 5, ya zama 365. Yaron da ya san fadama da noman rani ba zai sha wuyar gane wannan ba. Hasali ma a zanen bangon wasu kaburbura akwai mutane suna ɗebo ruwa da jigo, irin wanda 'yan lambu ke amfani da shi a bakin rafi.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Abin da ya bambanta matashi da ƙaramin yaro shi ne ya isa a tambaye shi: ta yaya aka sani? Wannan tambayar ce ya kamata ta zama sandar jagorar karatun gaba ɗaya.

Ku ɗauki dalar Giza. Tsayinta na asali ya kai mita 146, duwatsunta sun haura miliyan 2. Yaronku zai haɗu da bidiyoyi a YouTube da TikTok masu cewa wai ba ɗan Adam ne ya gina ta ba, aljanu ne ko wasu halittu daga sama. Kada ku yi masa faɗa, kada kuma ku hana shi kallo. Ku sa shi ya nemo labarin wani mutum mai suna Merer. A shekarar 2013, ayarin masu tonon tarihi ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ya gano tarin takardun fafiras, wato takardun da Misirawa ke yi da wata ciyawar bakin kogi, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. A cikinsu akwai littafin aikin Merer, shugaban wata ƙungiya ta kimanin mutum 40. Yana rubuta yadda suke loda farin dutse a jirgin ruwa daga ma'aikatar fasa dutse ta Tura, su bi ruwa su kai Giza, su juyo, rana bayan rana, a ƙarshen zamanin Khufu. Ga kuma unguwar ma'aikatan da aka tono kusa da dalar, da wuraren gasa burodinsu, da ƙasusuwan shanun da suka ci, da kaburburansu. Ku ajiye masa wannan a hannun dama, bidiyon aljanu a hannun hagu, ku ce ya rubuta shafi ɗaya a kan wanne ya fi hujja da dalilinsa.

Darasi na biyu na irin wannan shi ne yaƙin Kadesh, wajen shekara ta 1274 kafin haihuwar Annabi Isa. Ramsis na Biyu ya sa an sassaƙa labarin yaƙin a bangon gidajen bauta na Karnak da Luksor da Abu Simbel, yana cewa shi kaɗai ya tarwatsa rundunar Hittiyawa, mutanen wata daula da ke yankin Turkiyya ta yau. Kirari ne sosai, irin wanda maroƙi zai yi wa uban gidansa. Amma bayan ƙura ta lafa, garin Kadesh bai bar hannun Hittiyawa ba, kuma bayan shekara 15 ɓangarorin biyu suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya, wadda kwafinta ke rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Matashin da ya iya raba kirari da labari a bangon Karnak zai iya raba su a ko'ina.

A wancan ƙauye na mai harbin kunama, wanda yanzu ake kira Deir el-Medina, aka yi yajin aiki na farko da aka samu labarinsa a rubuce. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, hatsin da ake biyan ma'aikata da shi ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a jikin gidajen bauta. Takardar da ta ba da labarin tana birnin Turin na Italiya.

To ina za a samu kayan karatun? Yawancinsu kyauta ne. British Museum da gidan tarihi na The Met da ke New York sun zuba hotunan kayayyakinsu a intanet, kowanne da bayaninsa. The Met har littattafanta da dama ta saki a sauke, wanda ya fi sauƙi ga mai lissafin data: a sauke sau ɗaya, a yi ta karantawa. Jami'ar Harvard tana da Digital Giza, inda za a zaga kaburburan Giza a allon kwamfuta. Cibiyar Griffith ta Jami'ar Oxford ta saka rubuce-rubucen hannu na Howard Carter, wanda ya gano kabarin Tutankhamun a watan Nuwamba na 1922, da hotunan da Harry Burton ya ɗauka na kabarin. Ku bar yaron ya zaɓi abu ɗaya daga kabarin, ko kujera ko takalmi, ya bi katin da Carter ya rubuta a kansa. Galibin waɗannan da Turanci suke, wasu da Larabci, don haka karatu biyu ne a tafiya ɗaya.

Lissafi ma yana da rabonsa. Wani magatakarda mai suna Ahmose ya kwafe takardar lissafi wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Misirawa ba su haddace jadawalin sau-sau ba, ninkawa suke yi. A ce 13 sau 12. Ɗaya 12, biyu 24, huɗu 48, takwas 96. Ɗaya da huɗu da takwas su ne 13, sai a tara 12 da 48 da 96, a samu 156. Ku gwada shi da yamma, ku ga wa zai riga wani.

Tambaya ɗaya ba makawa za ta zo: wane ne Fir'aunan Annabi Musa? Ku gaya masa gaskiya. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, kuma masana sun sha bamban, wasu na nuna Ramsis na Biyu, wasu ɗansa Merneptah, wasu waninsu. Kalmar kanta daga per-aa ta fito, wato babban gida, fada ke nan, kafin ta koma laƙabin mai fadar.

Kada kuma a tsaya a kan iyakar Masar ta yau. Sarakunan Kush daga Sudan, irin su Piye da Taharƙa, sun mulki Masar a daula ta 25, kuma dalolin da ke Sudan sun fi na Masar yawa. Sannan masana harshe sun sa Hausa da tsohon harshen Misirawa da Larabci a babban dangi ɗaya. Mu muna cewa mutu, su suna rubuta m-w-t. Mu huɗu, su f-d-w. Wannan ba ya nufin daga Masar Hausawa suka taso, kada yaro ya ɗauka haka. Dangantaka ce mai nisan gaske, ta kakannin kakanni.

Aikin hannu na ƙarshe yana cikin madafinku. Abin da Misirawa suke busar da gawa da shi ɗan'uwan kanwarmu ne, suna haƙo shi a Wadi el-Natrun. Busarwar kan ɗauki kusan kwana 40, hidimar gaba ɗaya kwana 70. Ku ba yaron tumatir biyu, ya tsaga su ya kwashe cikinsu, ya auna nauyin kowanne ya rubuta. Ɗaya ya binne shi cikin dakakkiyar kanwa da gishiri, ɗayan ya bar shi a faranti. Bayan mako biyu ya tono ya sake aunawa. Ku dai ajiye farantin nesa da inda ake cin abinci, don na biyun zai yi wari.