Yadda Za a Inganta Naɗar Murya a Gida da Kuɗi Kaɗan

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yawancin matasan da ke naɗar waƙa, karatu ko sharhin bidiyo a nan Gombe, da zarar sun ji muryarsu ta fito a dagule, sai su ɗora wa makirfo laifi, su shiga tara kuɗin sayen sabo, alhali kuwa ɗakin da suke ciki ne ya fi ɓata musu aiki. Bangon siminti da daɓen tayil sukan mayar da sauti, ya sake shiga makirfo bayan asalin muryar, kuma wannan amsa-kuwwar ce ke sa a ji mutum kamar daga cikin rijiya yake magana. Ku tsaya a tsakiyar ɗaki ku tafa hannu sau ɗaya; idan ƙarar ta ja kafin ta mutu, to ɗakin yana buƙatar gyara.

Abin da ke shanye sauti shi ne kaya masu laushi da kauri, waɗanda galibi akwai su a gida. Ku jingina katifa a bangon da ke bayanku, ku rataya bargo a gefe, ku shimfiɗa darduma, sannan ku sauke labule. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa, wahala ce kawai, domin ba shi da kaurin da zai tare ƙarar waje.

Sai batun tazara, wanda ba ya cin ko sisi. Ku bar kimanin taƙi guda, wato santimita 15 zuwa 20, tsakanin baki da makirfo, saboda duk lokacin da aka ninka nisa, ƙarfin muryar yakan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), hayaniyar ɗaki kuma tana nan yadda take. Ku ɗan karkatar da makirfon gefe don kada iskar haruffa irin su "f" da "b" ta buge shi, ko ku shimfiɗa siririyar safa a kan zoben waya ku sa a gabansa.

Janareta, firji da fanka duk a kashe su. Mun san kashe fanka a zafin watan Afrilu ba abin wasa ba ne, don haka ku riƙa naɗa a gutsure kuna hutawa. Wanda ke kusa da titi a Jekadafari ko Pantami, gara ya jira dare ya yi nisa, lokacin da Keke Napep suka ragu. Idan da wayar salula kuke aiki, ku sa ta a yanayin jirgin sama, ku kuma zare caja, domin takan shigo da gunjin lantarki.

Wajen saiti, kada ma'aunin sauti na manhajar naɗa ya taɓa sifili, wato iyakarsa ta sama inda murya ke fashewa, domin muryar da ta fashe da wuya ta gyaru. Ku tsayar da ƙololuwarta tsakanin desibel -12 da -6, wato ƙasa da sifilin. Ku fara da shiru na 'yan daƙiƙu, wanda manhajar gyaran sauti ta Audacity, da ake samu kyauta, za ta yi amfani da shi ta gane hayaniyar ɗakin ta rage ta. Ku adana aikin a tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, kuma idan za ku tura ta WhatsApp, ku aika shi a matsayin fayil, domin saƙon murya yakan matse sauti ya rage masa inganci.