A Ba Masu Aikin Kuɗin, A Sakar Musu Mara

Jama'a masu sauraro, a shekarar 2020, bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd, wani baƙar fata, da gwiwa har ya cika a Minneapolis, manyan kamfanonin Amurka sun yi ta rige-rigen alkawarin kuɗi don yaƙi da wariyar launin fata. Jaridar Washington Post ta bi diddigin kamfanoni 50 mafi girma. Kusan dala biliyan 50 suka ambata, amma sama da kashi 90 cikin 100 rance ne da jarin da za su iya cin ribarsa. Haba jama'a! Wannan ai kasuwanci ne.

Masu aikin na gaskiya suna cikin unguwa. Ku dubi Detroit, birnin da galibin mutanensa baƙar fata ne. A 2006 Malik Yakini da abokansa suka kafa ƙungiyar samar wa baƙaƙen fata abinci mai kyau. Shekara guda bayan nan kantunan Farmer Jack suka rufe, birnin ya wayi gari babu babban kantin abinci na manyan kamfanoni. Mutanen nan ba su zauna jiran kowa ba. Suka ɗau fartanya. Gonarsu ta D-Town, eka 7 a Rouge Park, ana noma ganye da tumatir, ana kiwon zuma, ana haɗa taki, yara na koyon shuka. A 2024, bayan fafutukar sama da shekara goma, suka buɗe kanti na haɗin gwiwa wanda 'yan gari ne masu shi.

To me ya sa ake musu rowa? Binciken da Echoing Green da Bridgespan, cibiyoyi biyu masu tallafa wa ƙungiyoyin sa-kai a Amurka, suka yi a 2020 ya nuna, a cikin ƙungiyoyin da aka duba, kuɗin da babu sharaɗi a kansa da ke hannun waɗanda baƙar fata ke jagoranta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke hannun na farar fata ba. In an ba su, sai da igiya: yi kaza, kar ka yi kaza, kawo rahoto.

Wai ƙananan ƙungiyoyi ba su iya riƙe kuɗi ba. Wanda ya gina kanti daga fartanya ne bai iya ba? Rashin yarda ne kawai, kuma launin fata ne silarsa.

Ga shi tun Janairun 2025, da Shugaba Trump ya soke shirye-shiryen daidaito tsakanin launin fata da jinsi a gwamnatin tarayya, kamfanoni da dama sun ja da baya. Masu gonar kuwa suna nan. Su za a ba kuɗin, a ba su na shekaru, babu igiya.