Yadda Ake Shirya Farantin 'Ya'yan Itatuwa da Kirim ɗin Dangwala Domin Liyafar Lokacin Zafi

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ga faranti biyu a gabana, kuma kayan da ke cikinsu iri ɗaya ne: kankana, abarba, mangwaro, inabi da tuffa. Na hannun dama an yayyanka kayansa tun sa'o'i uku da suka wuce, aka barbaɗa musu sukari, aka kwarara musu kirim a kai, sannan aka bar su a kan tebur. Ku dubi yadda jan ruwa ya kwanta a gindin farantin, kirim ɗin ya tsinke yana yawo a cikinsa, tuffar kuma ta yi duhu kamar wadda ta kwana a yanke. Na hannun hagu a lokaci ɗaya aka yanka su, amma kowane yanki yana nan daram da launinsa, kirim ɗinsa yana zaune a kwanonsa daban, da kaurinsa. Abin da ya raba faranti biyun nan shi ne yadda aka bi da ruwan da ke cikin 'ya'yan itatuwan da kuma yadda aka riƙe sanyinsu, kuma a kan wannan ne bayaninmu na yau zai tsaya.

Aikin yana farawa tun daga zaɓe. 'Ya'yan itatuwa kashi biyu ne ta fuskar nuna. Akwai waɗanda ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, irin su mangwaro, ayaba, gwanda da kiwi, domin suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke hanzarta nunarsu. Waɗannan ana iya sayensu kwana biyu ko uku kafin ranar taro a ajiye su a ɗaki, kuma idan mangwaro ya yi nawa, sai a haɗa shi da ayaba nunanniya a cikin jakar takarda, zai kama hanya. Kashi na biyu kuwa, wato kankana, abarba, inabi, lemu da sitiroberi, zaƙin da suka baro gona da shi shi ne zaƙinsu, ajiya ba za ta ƙara musu komai ba sai laushi. Saboda haka a wurin saye ake natsuwa da su. Idan kankana ce, a ɗaga ta a ji nauyinta ya zarce yadda girmanta ya nuna, sannan a juya ta a dubi gefen da ta kwanta a ƙasa: idan tabon ya yi ruwan ɗorawa ta nuna a jikin uwarta, idan fari ne fat an yi gaggawar cire ta. Abarba kuma a sunsuna gindinta, ƙamshinta zai faɗi gaskiya.

Sai wanki, kuma a nan ina roƙon ku ba ni hankalinku, domin mutane da yawa suna ganin abin da ba a cin ɓawonsa ba ya bukatar wanki. Wuƙa idan ta ratsa ɓawo ta shiga tsoka, duk abin da ke bayan ɓawon ta tafi da shi ciki. A shekarar 2011, a ƙasar Amurka, ƙwayar cutar listeriya da ta maƙale a ɓawon shammam, wani dangin kankana, ta yi sanadin mutuwar mutum 33. Don haka kankana da shammam da abarba a wanke bayansu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, a goge da buroshi mai tsabta, ba tare da sabulu ba, a tsane su da ƙyalle kafin wuƙa ta taɓa su. A kuma ware musu katakon yanka wanda ɗanyen nama bai hau ba. Sitiroberi da inabi sai dab da lokacin aiki ake wanke su, domin danshi yana jawo musu ruɓa, kuma kada a cire koren hular sitiroberi sai bayan an wanke, in ba haka ba ruwa zai shiga ta wurin ya salance ta.

Yanzu mu koma kan ruwan da muka gani a farantin farko. Kankana kusan kashi 92 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, sitiroberi ma tana dab da haka. Ruwan nan yana ƙunshe ne a cikin ƙananan ɗakuna na tsokar, kuma duk inda wuƙa ta bi sai ta fasa wasu. Wuƙa dakusasshiya murƙushewa take yi, shi ya sa ake fara wasa ta. Yanka ƙanana-ƙanana yana yawaita wuraren da ruwa zai tsiyaye, don haka a yi yanka mai ɗan girma, daidai loma ɗaya ko biyu, wanda yatsu ko tsinke za su iya riƙewa. Babban mai laifi dai shi ne sukari. Da zarar an barbaɗa shi a kan yankakken abu, sai ya shiga janyo ruwan ciki zuwa waje, cikin rabin sa'a farantin ya zama tafki, 'ya'yan itatuwan su yi yaushi. A ganina abin da ya nuna da kyau ba ya bukatar sukari ko kaɗan, zaƙin da ake son ƙarawa a bar shi a cikin kirim. Kankana da abarba, bayan an yanka su, a zuba su a rariya, a ɗora rariyar a kan kwano, a rufe, a sa a firji, ruwan ya ɗiga ƙasa su kuma su zauna a tsane.

Duhun tuffa da ayaba dalilinsa daban. Akwai wani sinadari a jikinsu wanda idan ya haɗu da iska yake mayar da farar tsoka ruwan ƙasa, kuma tsami yana rage masa ƙarfi. Cokali ɗaya na ruwan lemun tsami a cikin kofi ɗaya na ruwan sanyi ya wadatar. A tsoma yankan na minti uku zuwa biyar, a tsame, a tsane. Ayaba dai ita ce ta ƙarshe a yanka, ana dab da fitar da faranti.

Mun iso wurin kirim, wanda shi ne zuciyar wannan haɗi. Sharaɗinsa na farko shi ne kauri. Idan aka dangwala yankin mangwaro aka ɗago, ya kamata kirim ya liƙe a jikinsa har ya isa baki, kada ya zubo a riga ko ya koma kwano. Za mu fara da yogot marar zaƙi, mai cikakken maiƙo, kofi biyu. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan mataci, a juye yogot ɗin, a ɗora a kan kwano, a bar shi a firji na sa'o'i huɗu zuwa shida, ko ma ya kwana. Ku dubi abin da ya taru a ƙasa, wani ruwa ne garai-garai mai ɗan launin rawaya, kuma shi ne da zai tsinka mana haɗin da mun bar shi a ciki. Abin da ya rage a ƙyallen ya koma kimanin kofi ɗaya, ya yi kaurin da cokali ke iya tsayawa a cikinsa.

Abu na biyu da ke shiga haɗin shi ne kirim ɗin madara na bugawa, rabin kofi. A duba jikin kwalinsa, domin sai maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye sannan yake tashi idan an buga, kuma mai kashi 35 ko 36 ya fi riƙe jikinsa. Dole ya kasance da sanyi sosai, har kwanon da maburgin ma yana da kyau su ɗan zauna a firji, saboda daskararren maiƙo ne ke kama iskar da ake bugawa ya riƙe ta, kuma da zarar ya yi ɗumi ya saki. A buga a hankali da farko, sannan a ƙara sauri. Ku lura da nan: na ɗaga maburgin, kirim ɗin ya biyo shi ya yi tsini, sannan kan tsinin ya ɗan lanƙwasa. A nan ake tsayawa. Idan aka zarce, zai fara gudaji-gudaji, daga nan kuma ya rabu gida biyu, man shanu gefe, ruwa gefe. Wanda ya ga alamar gudajin tun da wuri yana iya ceto shi da cokali biyu na kirim ɗin da ba a buga ba, ya juya da hannu a hankali.

A cikin tataccen yogot ɗin ake zuba zuma cokali biyu, 'yar banila, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kada a raina gishirin nan, domin yana fito da zaƙi ya kuma danne ɗaci, ba tare da an ji shi ba. Sai a kankare bayan lemun tsami guda, koren kawai, domin farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci ne. Na fi son ɓawon a kan ruwan lemun, saboda ƙamshin yana cikin ɓawo, ruwan kuwa tsinka haɗin zai yi. Daga nan a ɗauki kirim ɗin da aka buga a zuba shi kashi uku, ana ɗagowa daga ƙasa ana kifawa sama da faffaɗan cokali, ba a gaurayawa da ƙarfi, don kada iskar ta fice. A ɗanɗana shi tare da yankin abin da za a ci da shi. Idan aka lasa shi kaɗai aka ji zaƙinsa ya yi daidai, to ya yi yawa, domin mangwaro da inabi za su zo da nasu. Ɗan tsamin yogot ɗin shi ne ke sa a yi ta ci ba a gundura ba. Mai son ƙarin ƙamshi yana iya sa kirfa kaɗan ko yankakken ganyen na'a-na'a. Idan kuma cikin baƙi akwai wanda madara ba ta karɓe shi ba, madarar kwakwa ta gwangwani mai cikakken maiƙo, idan ta kwana a firji, samanta yana daskarewa, a kwashe shi a buga kamar kirim.

Akwai kuskuren da na taɓa yi wanda ba na son kowa ya maimaita. Na yayyanka ɗanyar abarba na cuɗa ta cikin kirim tun da dare, da nufin rage aikin safiya. Da gari ya waye haɗin ya tsinke, ga wani ɗaci a ƙarshen harshe, dole na zubar da shi duka. Dalili shi ne abarba tana da sinadarin buromelin, gwanda tana da fafayin, kiwi ma yana da irin nasa, kuma dukkansu aikinsu shi ne narkar da furotin. Idan suka daɗe tare da madara sai su farfasa furotin ɗinta, ɗaci ya bayyana.  Zafin wuta yana kashe ƙarfinsu, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka. Dangwalawa a ci nan take ba ta da wata illa, zaman tare ne matsalar, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa kirim yake zama a kwanonsa daban har lokacin ci.

Wajen jerawa, a bar launi ya yi aikinsa: ja kusa da kore, rawaya kusa da baƙin inabi. Ana iya soka su a tsinke, a sa inabi ko abarba a ƙarshe domin su tare masu santsi. Ɓawon kankana da aka raba biyu aka ƙwaƙule ya zama kwano mai kyau, a ɗan shafce gindinsa don ya zauna, a kife shi ya tsane kafin a cika. Kirim kuwa na fi ganin dacewar a raba shi a ƙananan kofuna, kowane baƙo da nasa, ko a ajiye cokali a babban kwanon kowa ya ɗiba zuwa farantinsa, don kada wanda ya gatsa ya sake mayar da ragowar ciki. Idan da ƙananan yara a wurin, 'yan ƙasa da shekara biyar, a tsaga musu inabi a tsaye gida huɗu, domin girmansa daidai yake da maƙogwaronsu kuma yana iya toshe numfashi, a kuma ba su nasu a kofi ba tare da tsinke ba. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a lasa masa abin da ke da zuma ko kaɗan.

Saura batun sanyi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, kuma yankakken ɗan itace da madara abinci ne mai daɗi a wurinsu. Ƙa'idar da hukumomin kula da abinci ke bayarwa ita ce kada irin wannan abu ya wuce sa'a biyu a wajen firji, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32, sa'a ɗaya ce kawai. Taron lokacin zafi galibi a kashi na biyu yake faɗawa. Saboda haka a ajiye teburin a inuwa, a cika babban kwano da ƙanƙara a nutsa kwanon kirim a ciki har wuyansa, a kuma ɗora farantin a kan wani tire mai ƙanƙara. Ya fi kyau a shirya ƙananan faranti uku a bar biyu a firji, ana fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, maimakon a baje komai lokaci guda. A fito da kowane faranti kamar minti goma kafin a ci, domin tsananin sanyi yana danne ƙamshin mangwaro da sitiroberi.

Abin da ya zauna a tebur ya wuce lokacin da muka ambata a zubar da shi, ko da ido bai ga wani sauyi ba kuma hanci bai ji komai ba. Wanda bai bar firji ba kuwa a rufe shi da kyau a cinye cikin kwana biyu zuwa uku, kirim a mazubinsa, 'ya'yan itatuwa a nasu. Ragowar mangwaro da ayaba da abarba ana iya jera su a tire a daskarar da su, sannan a juye a leda a ajiye domin markaɗawa a wata rana, ruwan kankanar da ya ɗiga daga rariya kuma a matsa masa lemun tsami a sha shi da sanyinsa a ranar.